Ranar da Goggo Yelwa Ta Kira Sunan Ɗanta

Da wuƙar yankan kuɓewa a hannu Safara'u ta ratsa ta ɓarakar danga ta faɗa gidan maƙwabtanta, ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Wa ya ɗaure ta?"

 Goggo Yelwa na zaune a ƙasa a tsakar gida, an zarga mata igiyar rama a ƙafar dama, an kai ɗaya bakin an ɗaure a jikin turke. Tsohuwa sai jan igiyar take yi da 'yan yatsunta, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ƙwaryarta na kife a gefe, faifan ya gangara can wajen murhu. A'i, matar ɗanta, ta sunkuyar da kai tana ta hura wutar da ta riga ta kama.

"Na ce wa ya ɗaure ta? Ko kurame ne a gidan?"

Hamma, ɗan tsohuwar, ya fito daga ɗaki yana naɗa tsumman da yake tare wuyansa da shi in zai ɗauki buhu. Dogo ne, ramamme, bai cika magana ba.

"Ni ne, Yaya. Ki koma gidanki."

"Kai? Uwar da ta haife ka, a turke kamar akuya?"

"Jiya a kan layin dogo aka tsinto ta. Jirgin Nguru na ta busa, ita tana tsakiyar hanya da ƙwarya a ka. Ba don wani lebura ya fizgo ta ba, da yanzu zaman makoki kika shigo."

"To alhamdu lillahi da ya fizgo ta. Sai kuma aka ce a ɗaure?"

"Ni ina tasha tun safe har yamma. A'i ga goyo ga girki. Wa zai tsare ta? In jirgi ya taka ta, ke za ki ba ni wata uwar?"

Safara'u ta matsa wajen tsohuwar. Ta tsuguna, ta yi bisimilla, ta sa wuƙa ta datse igiyar. Wurin har ya yi shata, fatar ta saɓule. Ta tofa addu'a a tafin hannunta ta shafa mata, sannan ta ɗago ta dubi Hamma.

"Ni zan tsare ta. Je ka wajen buhunanka."

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan aka yi wannan, farin da ya share shanu tun daga Maigatari har Gagarawa, ba a daɗe da sauya kuɗi zuwa naira ba. Su Hamma da can a ruga suke, wajen Ɗanzomo, da garkensu abin sha'awa. Suna ji suna gani shanun suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da aka wayi gari ba abin da za a tatsa. Hamma ya kwaso uwarsa da matarsa ya zo Gagarawa Tasha, ya kama gida a jikin na Ɗantsoho, mijin Safara'u, ya shiga dako. Shi dai ya haɗiye abinsa. Goggo Yelwa kuwa abin bai haɗiyu ba. Da fari magana ta daina. Daga baya ta dawo da maganar, amma ta bar zamanin a baya. A wajenta shanu na nan a ruga, kullum da safe an tatso, sai ta yi gammo ta aza ƙwarya ba komai ciki ta fita talla.

Washegari da hantsi Safara'u ta yafa mayafi ta bi ta a baya, nesa kaɗan, tana kallo. Tsohuwa na tafe a miƙe kamar budurwa, hannu ɗaya na lilo, tana leƙa zaure zaure.

"Nono! A sayi nono!"

A gidan farko aka ce mata, "Allah sarki, Goggo, ai ba komai a ƙwaryar nan, koma gida ki huta." A na biyu dariya aka ƙyalƙyale da ita. A na uku ko amsawa ba a yi ba. Duk gidan da aka kore ta sai ta ƙara sauri, fuskarta na ƙara ɗaurewa. Da ta kai ƙarshen unguwa sai ta tsaya ta yi tsaki.

"Mutanen Tasha ba su san nono ba. Cikin gari zan kai."

Hanyar cikin gari kuwa sai an tsallaka layin dogo.

Nan Safara'u ta gane. Ba jirgi matar nan take nema ba, mai saye take nema. Macen da tun tana yarinya ba ta taɓa komawa ruga da nono a ka ba, ta yaya za a ce mata koma gida? Ta ɗaga murya.

"Mai nono! Ke mai nono! Tun ɗazu nake kiranki, ko na sarauta ne nonon?"

Goggo Yelwa ta juyo, ta kare rana da hannu.

"Wace ce? Au, Kaɗo, ke ce. Da kin yi magana da ƙarfi ai."

Haka take kiran duk wanda ba Bafillace ba, Safara'u kuma ta saba. Ta ja ta har tsakar gidanta, ta taya ta sauke ƙwarya, ta ɗauko kwano ta miƙa. Tsohuwa ta buɗe faifai, ta sa ludayi ta motsa a hankali, ta ɗebo ta juye, ta sake ɗebowa ta juye, tana karkata ludayin don kada ya zube. Hannun ko rawa ba ya yi.

"Goggo, gyara fa?"

"Gyara? Shanun ubanki ne?"

"Kai, Fulani da rowa! Jiya ma tsala kika kawo min."

"Tsala? Bakinki ne ya yi tsami, Kaɗo. Kindirmo ne wannan, ko wuƙa kika sa sai ya yanku."

Amma ta ƙara mata rabin ludayi tana harararta. Safara'u ta shiga ɗaki ta ɗebo gero a ƙoƙo ta juye mata a bakin zani, kamar yadda ake musayar nono da hatsi a ƙauye. Goggo ta auna shi da ido, ta ce ya yi kaɗan, aka yi ta ja, sannan ta ƙulle. Ta leƙa ƙwarya ta ce da saura.

A ranar Safara'u ta zaga unguwa. Ta shiga wajen Larai mai ƙosai, ta shiga gidan limami, ta shiga wasu gidajen da ta san matan na da tsoron Allah, duk a wannan ɓangaren na layin dogo. Ba ta roƙi kowa ba.

"In ta zo ku saya. Ba ku da gero, ku ba ta dusa. Wadda ta sake yi mata dariya, da ni za ta yi, kuma kun san bakina."

Kafin sati ya zagayo abin ya zauna. Goggo Yelwa ta fita da hantsi, ta zaga gidajenta, ta ƙare a na Safara'u, ta kife ƙwarya ta ce, "Yau kasuwa ta yi kyau," ta koma gida da ƙafarta. Ta fara cin abinci. Ta fara barci. In ta ji kiran salla sai ta nemi buta, ko da za ta yi azahar ɗin sau biyu. A'i ta riƙa miƙo geron ta ɓarakar danga, don a shekarar nan kowa ya san darajar ƙwaya ɗaya, Safara'u ta ce mata, "Mayar ki dama mata kunu. Guminta ne."

Ɗantsoho ne ya fara yi mata maganar, wata rana yana cin tuwo.

"Safara'u, wai wannan ba ƙarya ba ce? Kina salla kina azumi, kina yaudarar tsohuwa?"

"Na taɓa ce mata da nono a ƙwaryar? Ita ta ce nono, ni na miƙa kwano. Matar da ba ta san Juma'a daga Asabar ba ai an ɗauke mata alƙalami. Ni kuwa Allah ya san abin da nake saye."

"Me kike saye?"

"Barcinta nake saye, Malam. Da ƙafarta."

Ɗantsoho ya ci gaba da cin tuwonsa.

Da an bar su haka, da shi ke nan. Sai ga Bappa Cindo, ƙanen mahaifin Hamma, ya zo daga wajen Ɗanzomo duba su. Dattijo ne mai sanda da malfa, wanda ko a ruga in ya yi magana ba a maimaitawa. Ana zaune da shi a gindin darbejiyar ƙofar gida gab da azahar, da Ɗantsoho da wasu maza, sai Goggo Yelwa ta fito daga zauren Safara'u da ƙwaryarta. Daidai nan Hamma ya taho daga tasha cin abinci, jikinsa fari fat da ƙurar buhu. Tsohuwa ta tsaya a gabansa ta ƙura masa ido, ido cikin ido.

"Kai ɗan dako, ta tasha ka fito? Ba ka ga Hamma ba? Hammana, wani dogo, kyakkyawa."

 Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "La ilaha illallahu."

Hamma ɗan farinta ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan nan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin gidan nan". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, in baƙo ya zo mai suna irin nasa sai ta ce "mai sunan wancan". Ko da hankalinta ya gushe, wannan ɗaya ba ta sake shi ba, sai yau, a bakin hanya, a gaban maza.

Hamma ya sunkuyar da kai, ya raɓa ta gefenta ya shige gida kamar an watsa masa ruwan zafi. Bappa Cindo ya miƙe ya buga sanda a ƙasa.

"A'uzu billahi. Wannan ba Yelwa ba ce. Yelwar da na sani, ko yanka ta za a yi ba za ta faɗi sunan nan ba. Wani ne a cikinta yake magana. Kun zauna kuna wasa da shi, kuna ba shi gero, har ya yi ƙarfi."

Kafin la'asar an yanke magana. Akwai wani mai magani, Barau, a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Shi aikinsa ke nan, ya sa mutum a mari, ya rufe shi a ɗaki da hayaƙin barkono har abin da ke jikinsa ya faɗi sunansa ya fita. Ran Alhamis motar 'yan kasuwar Maigatari za ta sauke su a Gumel, daga nan su nemi wata. A'i ce ta kawo wa Safara'u labarin ta danga, tana share ido da bakin zani.

"Kuma tari take yi tun jiya, Yaya. Jikinta zafi rau. Wallahi hayaƙin nan ba za ta fito daga cikinsa ba."

Safara'u ta tare Hamma da yamma a bakin rijiya.

"Kai ma ka yarda aljani ne?"

"Yaya, ki bar ni. Kin ji abin da ta yi a gaban mutane."

"Me ta yi? Zagin ka ta yi?"

"Ba za ki gane ba."

"To ka zo ka ji abin da take gaya min kullum a kanka."

"Ba na son ji." Ya saɓa tulunsa ya wuce.

Ran Alhamis da aka idar da sallar asuba, maza na masallaci ba su dawo ba, Safara'u ta ratsa danga. Goggo Yelwa na kwance tana numfashi da ƙyar. Safara'u ta tsuguna ta goya ta a baya, ta ɗaure da zani, tsohuwar ba ta fi damin kara nauyi ba. A'i na tsugune a wajen wanke-wanke ta ba su baya.

"Ni dai ban ga komai ba," in ji ta. "Ga ƙwaryar nan a bakin ƙofa, kada a manta."

Rana na ɗagowa sai ga su a zauren Ɗantsoho, Bappa Cindo a gaba, Hamma a baya. Can bakin hanya ana jin mota na ɗumama inji, yaran mota na kiran Gumel, Maigatari.

"Ɗantsoho, ka ce wa matarka ta fito mana da mutuniyarmu."

Ɗantsoho ya leƙa cikin gida ya ce, "Safara'u, kin ji."

"Na ji," ta amsa daga bayan ƙofar zaure. "Ba ta fitowa."

"Ka ji, Bappa. Ta ce ba ta fitowa."

"Wai kai ne mijin ko ita ce?"

"Ni ne mijin. Shi ya sa na san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba."

Safara'u ta gyara mayafi ta matso, tana daga ciki, ba ta taka zauren ba.

"Bappa, ina kwana, da girmanka. Goggo tana ɗakina, a kan tabarmata. Ɗakin matar aure ne. In za ka shiga ka ɗauko ta ga hanya nan, amma wallahi sai duk Tasha ta ji cewa dattijon Fulani ya kutsa ɗakin matar Ɗantsoho."

"Ke yarinya, ba ruwanki da al'adarmu. Mu muka san abin da ke hankali da abin da ba hankali ba a wajenmu."

"Al'adarku? Ku kaɗai ke haihuwar ɗan fari? Ina da 'yar fari a Gumel, tana ɗakin mijinta, har ta ba ni jikoki. Ban taɓa kiran sunanta ba. Kana tsammani sunan ba ya bakina? Yana nan a maƙogwarona, da shi nake kwana da shi nake tashi. Ranar da tsufa ya kwance min ɗaurin, shi zai fara fitowa. Ni ma sai ku kawo mari?"

"Aljani..."

"Wane irin aljani ne wannan mai neman buta in an kira salla? Shanunta sun mutu a kan idonta, Bappa. Zuciya ce ta gaji. Ba a yi wa gajiya hayaƙin barkono."

Motar ta yi ham. Bappa Cindo ya juya ga Hamma.

"Kai ne ɗanta. Ka yi magana."

"Ya yi magana," in ji Safara'u, "amma ya fara ji da kunnensa. Malam, ka yi masa izini ya shigo. In ya fito ya ce a kai ta, ni da kaina zan goya ta har bakin mota."

Ɗantsoho ya yi masa izini. Hamma ya tuɓe takalmansa ya shigo, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin, bai yarda ya ɗaga kai ba. Goggo Yelwa na jingine da bango, an tokare ta da matashi, ƙwaryarta a kan cinya. Ta dube shi, ba alamar ta san shi.

"Baƙo, nono ka zo saye?"

 Safara'u ta danna masa kwano a hannu. Ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa. Tsohuwa ta ɗebo da ludayi ta juye, ta ɗebo ta juye, tari ya sarƙe ta, ta huta, ta ƙara masa ɗaya.

"Wannan gyara ne. Don ka yi kama da ɗana."

"Goggo, wane ɗan naki?" in ji Safara'u.

"Hamma mana. Ke ma kin faye tambaya, Kaɗo." Ta koma kan baƙon. "Da aka haife shi kakarsa ta ɗauke shi. Ni sai dai a kawo min in ba shi mama ina kallon bango. Amma na san shi. Ko cikin duhu ya yi tari na san nasa ne. Da ya fara kora shanu, kullum yakan tarar da curin man shanu a ƙasan furarsa. Sai ya yi ta yi wa ƙanwar ubansa godiya." Ta yi 'yar dariya. "Ni ce. In sa in fice ta bayan bukka."

Hamma ya ƙura wa kwanon ido.

"Ranar sharonsa kuwa, da aka zabga masa bulala bai ko ƙifta ido ba, mata na ta guɗa. Aka ce ina uwarsa, aka ce ta tafi itace. Ban tafi ko'ina ba. Ina bayan rumbu na cusa zani a bakina." Ta yi numfashi. "Yanzu an ce dako yake yi a tasha. Wai abin kunya, ɗan Fulani da buhu a ka. Su suka san kunya. Da wuyansa yake ciyar da ni. Ban haifi wanda ya kai shi ba."

Sai ta kama bakin rigarsa ta jawo shi kusa, ta rage murya.

"Amma in ka gan shi, kada ka gaya masa na faɗa. Ka ji? Ba kyau ya ji."

Hamma ya gyaɗa kai.

"Ba zan gaya masa ba, Inna."

"Yauwa. Kawo gerona."

Safara'u ta zuba masa gero a tafin hannu, ya juye mata a bakin zani. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya tsaya ya ba su baya, ya ɗebi ruwa a randa ya wanke fuska, ya sake wankewa. Sannan ya nufi zaure. Safara'u na biye da shi har bakin ƙofa.

"Bappa, mota za ta tashi. Ka yi sauri kada ta bar ka. Ka gaida mutanen Ɗanzomo."

"Ita fa?"

"Tana nan."

"Hamma, ni kake mayar wa magana? A kan zancen matar Kaɗo?"

"Ka yi haƙuri, Bappa. Tana nan."

Dattijo ya dube shi, ya dubi Ɗantsoho, ya gyara malfarsa ya fita ba sallama.

Goggo Yelwa ba ta sake fita talla ba. Tarin ya sauka ƙirji. An kawo mata ƙwayoyi daga Gumel, an jiƙa mata saiwa, an yi rubutu ta sha, jiki dai sai ƙara sanyi yake. Safara'u ta ce ba za a mayar da ita ba, a nan za ta yi jinya. Da yake mai nono ta kasa zuwa, sai masu saye suka riƙa zuwa. Larai mai ƙosai ta zo da kwanonta, matar limami ta zo da nata, su tsuguna a bakin tabarma a yi ciniki, a yi musu rowar gyara su tafi. Hamma kuwa kullum da safe kafin ya wuce tasha sai ya yi sallama a zaure, a yi masa izini, ya shigo ya miƙa kwano. Wata rana ta ce ya yi kama da ɗanta, wata rana ta ce ya faye zuwa da ƙaton kwano. Bai taɓa gaya mata ko shi wane ne ba.

Ranar da za ta tafi, da hantsi ne, an fito da ita inuwar rumfa ta sha iska. Safara'u na gefenta tana tsince wake. A'i ta aika a kira Hamma daga tasha, don tun safe numfashin ya sauya. Ya iso da gudu, ya zauna wajen ƙafafunta ya ɗora su a cinyarsa. Tsohuwa ta buɗe ido, ta lalubi ƙwarya.

"Kaɗo, da saura?"

Safara'u ta ɗaga faifai ta leƙa.

"Ya ƙare tas, Goggo."

"To. Sai in koma gida."

Safara'u ta ajiye waken, ta sunkuya daidai kunnenta ta fara kalmar shahada a hankali. Goggo Yelwa ta karɓa ta ƙarasa da kanta, tiryan-tiryan, ba gargada. Ta ja numfashi ɗaya mai tsawo, ba ta sake jan wani ba. Safara'u ta shafe mata ido, ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta tashi ta ɗora ruwan wanka.

Bappa Cindo ya zo ran sadakar uku. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka yi addu'a aka shafa. Safara'u na cikin zaure tana miƙa gumba ana fitarwa, tana jin komai.

"Allah ya jiƙan Yelwa," in ji dattijon. "Mace ce mai kunya. Abin da ya fito daga bakinta a ƙarshe, Allah ba zai kama ta da shi ba, tun da ba ita ta faɗa ba."

Aka ce amin. Hamma bai ce ba.

"Ita ta faɗa, Bappa," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ni na ji. Ita ce."

 Limami ya ja wata fatiha.

Da aka gama zaman makoki kowa ya koma harkarsa. Wata safiya Safara'u na daka a tsakar gida sai ta ji takun mutum ya zo ya tsaya a ƙofar zaure. Ta san takun. Ta dakata, taɓarya a sama, tana jiran sallama. Ba a yi sallama ba. Aka daɗe a tsaye, har kaza ta shiga zauren ta fito. Sannan takun ya juya a hankali ya yi wajen tasha.

Ta sauke taɓaryar cikin turmi.